Tambayoyi da Amsoshi kan Koyar da Ɗalibin Lauya Tunani da Aiki a Jami'a

Na yi shekaru ina aikin lauya a nan Sakkwato, ina karɓar ɗalibai masu zuwa sanin makamar aiki a ofishinmu, ina kuma shiga aji idan an nemi in taimaka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da iyayensu da malamai 'yan uwana suka fi yi mini. Na amsa su ne da abin da na gani da idona.

Me ake nufi da kaifin tunani a karatun lauya? Ba sanin dokoki ba ne aikin?

Sanin doka shi ne somin-taɓi. Doka tana nan a rubuce, kowa ma zai iya buɗe kundi ya karanta. Abin da ake biyan lauya dominsa shi ne ya saurari labari mai kwan-gaba-kwan-baya, wanda mai shi ya haɗa da ɓacin rai da zance maras amfani, ya tsinto abin da shari'a za ta kalla, ya gane wace doka ce ta hau kansa, ya kuma hango inda abokin hamayya zai ɓullo masa. Wannan shi nake kira auna hujja. Ɗalibin da ya iya shi ba ya tsayawa a kan "doka ta ce". Yana ƙarawa da "amma a wannan mas'ala ta hau ko ba ta hau ba, kuma da wane dalili?"

Na sha ganin ɗalibi ya zuba sharuɗɗan kwantiragi daga farko har ƙarshe kamar yana biya karatun allo, sannan ka miƙa masa takardar haya mai shafi biyu ka ce ya nuna maka inda za ta cuci mai haya, ya yi shiru. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Shekara biyar ya yi ba wanda ya taɓa nemansa da irin wannan aikin.

Ba Makarantar Horas da Lauyoyi ce aka kafa domin koyar da aiki ba? Me ya haɗa jami'a da shi?

Haka aka raba aikin tun farko. An yi dokar kafa makarantar a 1962, ta buɗe a Legas a farkon 1963, daga baya hedikwata ta koma Bwari a Abuja, aka kuma buɗe rassa irin na Bagauda a Kano da na Yola da Enugu. Tunanin shi ne jami'a ta ba da ilimi, makarantar ta ba da sana'a. Tun daga 2008 ma ta sauya manhajarta, ta mai da hankali kan gudanar da shari'ar laifi da ta jayayya tsakanin jama'a, harkar filaye, harkar kamfanoni da ɗa'ar aiki, tare da tura ɗalibai kotu da ofisoshin lauyoyi.

To amma a duba lissafin. Jami'a tana riƙe ɗalibi shekara 5, ko 4 ga wanda ya shiga kai tsaye aji biyu. Makarantar lauyoyi kuwa kimanin shekara 1 ce, ita ma cikin gaggawa da fargabar jarrabawar ƙarshe. Ɗabi'ar da mutum ya ɗauka cikin shekara biyar ba ta kankaruwa cikin 'yan watanni. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar za ta koya masa yadda ake tsara takardar ƙara, amma ba ta da lokacin koya masa shakkar amsar farko da ta faɗo masa a rai.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ma ta buɗe ƙofa. Sabuwar manhajar da ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Wannan kashi talatin ɗin fili ne babba ga tsangayar da take son ta yi abin kirki.

Wannan koyar da musu da tambaya ba tsarin Turawa ba ne da bai dace da mu ba?

Wannan tambayar takan taɓa ni, domin a Sakkwato ake yin ta. Gaskiya ne cewa salon koyarwa ta hanyar tattauna hukunce-hukuncen kotu, inda malami ke titsiye ɗalibi da tambaya, ana danganta shi da Langdell na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda ya soma shi a 1870. Amma auna hujja ya riga wannan da ƙarnoni a wurinmu.

Duk wanda ya zauna zaure ya karanta fiƙihun Malikiyya ya san ba a tsayawa kan matani. Ana karanta ibara, malam ya warware, ya kawo sura, ya juya ta, ya tambayi almajiri: in da abu kaza ne ya canza fa? Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci ta nanata fahimtar abin da aka kawo gaban alƙali, ta umurce shi ya san mas'alolin da suka yi kama da juna ya gwada su, ta kuma ce kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ya gano ta yau. Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke aiki da ita har gobe, ta nuna cewa gane wane ne mai da'awa wane ne wanda ake da'awa a kansa shi ne ƙashin bayan alƙalanci duka. Wannan ba hadda ba ce. Sau da yawa wanda ya fara kai ƙara ba shi ne mai da'awa ba a ma'anar fiƙihu, sai alƙali ya yi tunani ya gane maganar wa ta yi daidai da asali ko al'ada, sannan ya san wa zai nema da shaidu wa zai ba rantsuwa. Ga kuma i'izari, wato tambayar mutum ko yana da sauran hujja kafin a yanke masa hukunci. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta wa mutanen Kano Liya'ul Hukkami kan mulki da hukunci a farkon zamanin jihadi, kuma rubuce-rubucensa da na Shehu da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun nuna malamai masu kawo dalili, masu saɓa wa juna a kan mas'ala cikin ladabi.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da shari'ar Musulunci tare da dokar da muka gada daga Ingila. Ɗalibin da ke karanta tsari biyu a lokaci guda ya sami gata, domin kullum yana da abin gwadawa: me ya sa wannan ya ɗora nauyin hujja a nan, wancan ya ɗora a can? Asarar ita ce a koyar da su kamar ɗakuna biyu da ba ƙofa tsakaninsu, ɗalibi ya haddace wannan da safe ya haddace wancan da yamma.

Akwai misali daga kotunanmu da za a iya koyar da wannan da shi?

Akwai, kuma duniya ta san shi. A Oktoban 2001 babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Sakkwato ta soke hukuncin ta sallame ta. Daga cikin dalilan har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya riga fara aiki da dokar, kuma doka ba ta hukunta abin da ya wuce kafin ta, wanda shi ne kuma abin da sashe na 36(8) na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Kotun ta kuma sami kurakurai a yadda ƙaramar kotu ta gudanar da shari'ar.

Idan na kai wannan aji ba na fara faɗa musu sakamakon. Nakan ba su bayanin abin da ya faru a kotun farko, in ce su nemo inda za su tsaya in da su ne masu ɗaukaka ƙara. Yawancinsu kan ruga ga manyan bahasi. Kaɗan ne ke ɗaukar kalanda su ƙirga watanni. Ranar da ɗalibi ya gano da kansa cewa rayuwar mutum tana iya rataya a kan kwanan wata, ba ya sake karanta fayil da garaje.

Waɗanne ayyuka ne ya kamata ɗalibi ya iya kafin ya bar jami'a?

Ana lissafa da yawa: binciken doka, rubuta wasiƙa da shawara, tsara yarjejeniya, sulhu, magana gaban kotu. Duk suna da muhimmanci. Amma wanda na fi damuwa da shi, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne sauraron mai ƙara.

Wata rana wani dattijo ya zo ofishinmu daga wani ƙauye na gefen fadama, da sandarsa da 'yar jakar leda da ya naɗe takardu a ciki. Na sa wani saurayi da ya zo mana da sakamako mai kyau ya fara jinsa, ni ina gefe ina duba wani fayil. Dattijon ya ce gonarsa ce take hannun maƙwabcinsa shekara 15, yanzu maƙwabcin ya rasu, 'ya'yansa sun ce tasu ce. Bai rufe baki ba saurayin ya ce, "Baba, ai wannan hauzi ne. Shekara goma ta wuce kana gani ba ka yi magana ba, sai haƙuri." Dokar da ya kawo daidai ce: a mazhabar Malikiyya, wanda ba dangi ba in ya riƙe ƙasa shekara 10 yana aiki da ita kamar tasa, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa. Dattijon ya sunkuyar da kai ya fara laluben takalmansa.

Na matso na ce, "Baba, dakata. Yaya aka yi gonar ta shiga hannunsa tun farko?" Ya ce, "Lauya, aro na ba shi, shekarar da ƙafata ta karye." Na ce, "Yana kawo maka wani abu?" Ya ɗago ya dube ni. "Kowace kaka dami biyu na gero, har shekarar da yar rasu. Hakimi ya sani, liman ya sani, ɗiyan nasa ma su ka kawowa bisa jaki." To hauzi ba ya hawa kan abin da aka karɓa aro ko jingina ko amana. Tambaya biyu ce tsakanin wannan bawan Allah da gonarsa. Saurayin ya san dokar har da togaciyarta, domin da na tambaye shi daga baya ya lissafa su duka. Abin da ba a koya masa ba shi ne ya riƙe bakinsa har labari ya ƙare.

Wannan ana koyar da shi, ba baiwa ba ce. Ka sa ɗalibi ɗaya ya zama mai ƙara, ka ba shi takarda mai bayanai goma, ka ce kada ya faɗi huɗu daga ciki sai an tambaye shi. Ɗaya ya zama lauya, na uku ya zauna da biro yana ƙirga abin da aka tono da abin da aka bari. Minti goma sha biyar ya isa.

Ajinmu ya cika maƙil, ga zafi, ga ƙarancin malamai. Yaya malami ɗaya zai yi wannan?

Ba zan raina wannan uzuri ba. Wanda ya tsaya gaban ɗalibai ɗari da wani abu da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, fanka tsaye, ya san dalilin da ke sa malami ya karanta handawut ya fita. Majalisar Ilimin Lauyoyi tana ba kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma ta sha hukunta waɗanda suka zarce, domin cunkoso yana kashe irin wannan koyarwa.

Duk da haka akwai abin yi ba tare da ko kwabo ba. A cikin lakcar awa biyu, a ware minti ashirin. A rubuta gajeren labari a allo, kowa ya rubuta amsarsa cikin layi uku, ya juya ga na kusa da shi su gwada, sannan malam ya kira mutum huɗu daga rajista, ba masu ɗaga hannu ba. A raba ajin gida biyu, dama su kare mai ƙara, hagu su kare wanda ake ƙara, a tsakiyar muhawara a ce su musanya. Wannan musanyar tana da zafi ga ɗalibi, kuma ita ce take buɗe masa kai. 'Yan aji biyar kuma suna iya jagorantar ƙananan rukunai na 'yan aji biyu, su ma a nan suke gane abin da ba su sani ba.

Idan malami ya gyara koyarwa amma jarrabawa tana nan yadda take fa?

To bai gyara komai ba. Wannan ita ce maganar da na fi son a ɗauka daga wurina. Ɗalibi ba wawa ba ne, yana karanta tsofaffin tambayoyi kafin ya karanta littafi. In ya ga shekara biyar a jere ana cewa "kawo ma'anar kaza, lissafa sharuɗɗansa", duk muhawarar da za ka yi da shi a aji zai ɗauke ta hira ce, daren jarrabawa ya koma ga hadda. Abin da maki yake bi, shi ɗalibi yake bi.

Ga irin tambayar da nake nufi. Wani manomi a Goronyo ya ba wani ɗan kasuwa buhu 40 na albasa ya kai kudu. Ba su rubuta komai ba, sai saƙon murya a WhatsApp inda ɗan kasuwar ya ce, "In na dawo mu yi lissafi." Mota ta lalace a hanya kwana shida, rabin albasar ta ruɓe. Ɗan kasuwar ya ƙi dawowa gida. Manomin ya kai ƙara wurin 'yan sanda, aka kama ƙanen ɗan kasuwar aka tsare shi kwana huɗu. Mahaifiyarsu ta zo wurinka. Ka ba ta shawara.

Ba inda tambayar ta ambaci sunan darasi. Ɗalibi ne zai gano cewa akwai batun ko ciniki ne aka yi ko wakilci, domin a nan za a san wuyan wa asarar ta hau. Shi zai tuna cewa saƙon waya hujja ce da na'ura ta samar, sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kafin babbar kotu ta karɓe shi. Shi zai ga cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, sannan sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ɗalibin da ya fi burge ni kuwa shi ne wanda zai gane cewa tsohuwar nan ba albasa ta kawo ta ba. Ɗanta take so ya kwana gida yau, don haka maganar beli ce ta farko.

Haka a gado. Maimakon "bayyana ma'anar auli", a ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba, da naira 2,700,000 bayan an biya bashi. Asalin mas'alar 24 ne, rabon ya hau zuwa 27 (wannan hawan shi ne auli): mata ta sami 300,000, kowace ɗiya 800,000, uwa 400,000, uba 400,000. Sai a ƙara da cewa matar ta ce shanu biyu da ke cikin dukiyar sadakinta ne. Nan za a ga wanda ya san cewa sai an tace dukiya kafin a raba ta.

Tambayar da ba ta da amsa ɗaya, yaya za a yi mata maki da adalci?

Wannan tsoro na gaskiya ne, ɗalibai suna jin cewa za a buɗe ƙofar son kai. Maganinsa shi ne a rubuta ma'auni tun kafin jarrabawa, a kuma nuna wa ɗalibai shi tun farkon zango. A tambaya mai maki 20, ni nakan ba 5 ga gano matsalolin da ke cikin labarin, 4 ga kawo dokar da ta dace daidai, 8 ga ɗora dokar a kan abin da ya faru tare da duba hujjar ɗaya ɓangaren, 3 ga shawara mai amfani da tsabtar rubutu. Mai hadda zalla ba zai wuce 4 ko 5 ba. Ɗalibai biyu kuma suna iya kaiwa ga matsaya mabambanta kowanne ya sami 17, in dai kowa ya bi hanya da dalili. Alƙalan Kotun Ƙoli ma suna saɓa wa juna a hukunci ɗaya.

Kafin a fara makin, malamai biyu su ɗauki takardu goma, kowa ya duba shi kaɗai, su gwada. In tazarar ta yi yawa, ma'aunin ne ke da gyara. A aikin baki kuma, kamar sauraron mai ƙara, a ɗauka da waya a ajiye, domin ɗalibin da ya yi ƙorafi a sami abin komawa.

Abu na ƙarshe a nan: a mayar wa ɗalibi takardar tes ɗinsa da bayani, ko da layi biyu ne. Lamba kaɗai a jikin allon sanarwa ba ta koya wa kowa komai.

Kotun gwaji tana da amfani, ko wasan kwaikwayo ne?

Tana da amfani in an yi ta don kowa. Matsalarta ita ce takan zama ta mutum shida masu zaƙin baki da ake turawa gasa, sauran suna tafi. Kuma akan fi kallon riga da hular gashi da kwaikwayon muryar manyan lauyoyi. Ni na fi son ƙaramar kotun gwaji a cikin kwas, minti bakwai ga kowane ɗalibi, alƙali yana katse shi da tambaya, a kuma ba rubutacciyar hujja rabin makin. A Sakkwato ya kamata a riƙa yin ta iri biyu, ta babbar kotu da ta kotun shari'a, domin tsarin kawo shaida da rantsuwa ya bambanta.

Mene ne kilinik na shari'a? Ɗalibi zai iya tsaya wa mutum a kotu?

A'a, wanda ba a rantsar da shi lauya ba ba ya tsayawa a madadin kowa. Kilinik ofishi ne a cikin tsangaya inda ɗalibai ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta ƙarƙashin kulawar lauya: su saurari matsala, su yi bincike, su tsara takarda, su wayar da kai a kasuwa ko makaranta, su miƙa abin da ya fi ƙarfinsu ga lauya ko ga Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976. Ƙungiyar NULAI ta cibiyoyin agajin shari'a na jami'o'i, wadda aka kafa a 2003, ita ta yaɗa wannan tsari a jami'o'in Najeriya, kuma Jami'ar Maiduguri tana cikin huɗun farko da aka gwada shi.

Mafi yawan waɗanda ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Ɗalibin da ya zauna da mutum ɗaya daga cikinsu, ya bi sawun fayil ɗinsa daga caji ofis zuwa rajistara zuwa ma'aikatar shari'a, ya koyi abin da lakca ba ta bayarwa. Amma ina da sharaɗi biyu. Dole a yi wa aikin maki a sa shi cikin sakamako, in ba haka ba ɗalibai za su watsar da shi da zarar tes ya matso. Kuma dole a tsare sirrin mutane. Talaka ba abin gwaji ba ne, kuma labarinsa ba na hirar hostel ba ne.

Da Turanci ake karatu da jarrabawa. Ina matsayin Hausa?

Matsayinta shi ne bakin mai ƙara. Babbar kotu da Turanci take aiki, amma kotunan shari'a a nan da Hausa suke zama, kuma sashe na 36(6) na Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Na ga shari'ar da ta kusa karkacewa saboda an fassara jingina da aro da kalma ɗaya. Nakan sa ɗalibi ya bayyana ma'anar beli ga tsohuwa da Hausa, ba tare da ya jefa kalmar Turanci ko ɗaya ba. Wanda ya kasa, galibi shi kansa bai fahimci abin ba. Ɗaliban da ba Hausawa ba kuma sai a koya musu aiki da tafinta, domin wannan ma sana'a ce: gajerun jimloli, kallon mai magana ba tafinta ba, da sake tambaya ta wata fuska don tabbatarwa.

Yin musu da malami a aji ba rashin kunya ba ne?

Akwai yadda ake yinsa. "Allah gafarta Malam, na ga hukuncin da aka kawo, amma a wancan akwai rubutacciyar yarjejeniya, a wannan kuwa babu. Ko bambancin zai yi tasiri?" Wannan ladabi ne, kuma irinsa ne zai yi gaban alƙali gobe. Nauyin yana kan malami ya nuna cewa tambaya ba ta jawo fushi ko ragin maki. Ɗalibai mata musamman sukan yi shiru a babban aji alhali takardunsu sun fi na kowa tsari. Ƙananan rukunai da kira daga rajista suna fito da su.

Yanzu ɗalibai suna sa manhajojin basirar na'ura irin ChatGPT su rubuta musu asaimen. Me za a yi?

Hanawa kaɗai ba ta aiki. Waɗannan manhajoji suna ƙirƙiro sunayen shari'o'in da ba a taɓa yi ba, har wasu lauyoyi a Amurka sun sha tara a 2023 kan sun miƙa wa kotu irinsu. Ni abin da nake yi shi ne in karɓi rubutun, in zaunar da ɗalibi minti biyar in yi masa tambaya uku a kansa. Wanda ya yi aikin da kansa yana jin daɗin wannan zama. Wani lokaci kuma nakan kawo amsar da na'urar ta bayar in raba musu, in ce su nemo kurakuranta su tabbatar da kowace shari'a a cikin kundin rahotannin kotu, in yi maki a kan abin da suka kamo.

Ni ɗalibi ne, kuma ba a yin ko ɗaya daga cikin waɗannan a ajinmu. Me zan yi da kaina?

Ka je kotu. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, ba a biyan kuɗin shiga. A garin nan akwai kotunan majistare, kotunan shari'a, babbar kotun jiha, ta tarayya, har da reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ka sa tufafi masu kyau, ka kashe waya, ka zauna a baya da littafin rubutu. Ka zaɓi shari'a ɗaya ka bi ta duk ranar da aka ɗage zuwa gare ta. Kafin alƙali ya yanke hukunci kan wata buƙata, ka rubuta abin da kake zaton zai ce da dalilinka, sannan ka gwada.

A kowane mako ka karanta hukunci ɗaya cikakke, ba taƙaitawar da ke saman shafi ba, har da ra'ayin alƙalin da ya saɓa wa sauran. Ku haɗu ku uku, kowa ya ƙirƙiro labari daga abin da ke faruwa a unguwarsu, rikicin haya a Mabera ko cinikin dabba a Kara, sauran biyun su warware. Lokacin hutu ka shiga ofishin lauya ka ce kana son ka riƙa ɗaukar fayil. Wasu za su ce babu wuri, ka gwada na gaba. In an karɓe ka, ka roƙi a bar ka ka zauna a kusurwa ranar da mai ƙara ya zo, in shi mai ƙarar ya yarda, ka rubuta tambayoyin da lauyan ya yi bi da bi, bayan an tashi ka tambaye shi abin da ya sa ya fara da wadda ya fara.